Kwalbar Shaida

Tun a filin jirgi, ranar da aka yi masa rakiya, yayansa ya laƙaba masa Dakta. Shi kuwa ya ce a bari tukuna ya samo takardar, Yaya ya ce ai wanda ya taka matakalar jirgi ya gama samu. Sunan ya bi shi har wurin aiki. Matarsa kaɗai ce ba ta taɓa kiransa da shi ba. Ita Baban Tsuntsuwa take ce masa, don Tsuntsuwa yake kiran 'yarsu, yarinyar da bakinta ba ya hutawa tun kafin ta iya haɗa kalma biyu. Shekararta biyu da rabi lokacin da ya tafi, shi kuma yana da talatin da bakwai.

Kafin tafiyar, shekara goma sha ɗaya ya yi a gidan ruwa, a ɗakin gwaji, yana auna ruwan da gari ke sha. Ba aikin surutu ba ne. A kawo kwalabe da safe, ka jera su, ka kunna na'ura, ka rubuta abin da ta faɗa. Wanda ya koya masa aikin wani tsoho ne da ake ce wa Baba Mai Awo, kuma abu ɗaya Baba ya dasa masa har ya zame masa jiki, wato kwalbar shaida. Ruwa ne da kai da kanka ka haɗa, ka san daidai yawan dalmar da ka zuba a ciki. Bayan kowace kwalba goma sai ka ba na'ura wannan ruwan ta auna. In ta faɗi abin da ka sani, ka ci gaba. In ta yi ƙari ko ragi, ka tsaya ka gyara ta, ka koma baya. Sau ɗaya ya taɓa tsallake shaida. Baba bai yi masa faɗa ba. Kujera ya jawo ya zauna, ya sa shi ya sake aikin yinin kaf yana kallonsa.

Hutun karatu na shekara huɗu gidan ruwa suka ba shi don ya yi digiri na uku, suka ce ba ƙari ko na kwana ɗaya. Takardar zamansa a ƙasar da ya je ita ma shekara huɗu ce. Malama, haka yake tsokanar matarsa tunda a firamare take koyarwa, ta ja layi arba'in da takwas da alli a bayan ƙofar ɗakinsu, tana goge ɗaya duk ƙarshen wata.

Ɗakin da ya samu a can yana hawa na biyar, tagarsa tana kallon bangon wani gini. Gado ne da tebur da kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza, yake tokare ta da takarda. Kicin tare suke amfani da shi da wani ɗan ƙasarsu mai karatun shari'a da ake ce wa Lauya, saurayi mai baki kamar rediyo. Garin kuwa, har Dakta ya bar shi bai san shi sosai ba. Ya san tashar bas, da shagon da yake sayen burodi da ƙwai, da ɗakin gwajin da ke ƙarƙashin ginin sashensu, inda mutum ba ya sanin ko rana ake yi a waje ko ruwa.

Malaminsa, Farfesa, dattijo ne dogo mai farin gashi da saurin tafiya. Shi da kansa ya je tasha ya ɗauko shi ranar da ya sauka. Ya dubi rigar da ke jikinsa ya girgiza kai, washegari ya zo masa da rigar sanyi mai kauri ta ɗansa. Ya ce ya riƙa kiransa da sunansa kamar yadda sauran ɗalibai ke yi, bakin Dakta ya ƙi. Ya ce ya daina miƙewa in ya shigo, ƙafafunsa suka ƙi. A taron mako, yara 'yan shekara ashirin da biyar sukan katse dattijon su ce masa lissafinsa ba daidai ba ne, shi kuma ya yi dariya ya goge allo. Dakta sai ya sunkuyar da kai, kunyarsu ta kama shi.

Aikin da aka ba shi ba mai wuyar ganewa ba ne. Akwai wani tsohon ramin haƙar ma'adinai da aka rufe, da ƙauyuka huɗu a gangarensa. Rijiya arba'in za a bi kowane wata har shekara uku, a ga yadda dalma ke hawa da sauka a ruwansu. Makon farko na wata sai ya shiga motar sashe da akwatunan kwalabe, ya ɗebo ruwa daga rijiya ta ɗaya da ke gindin ramin har zuwa ta arba'in, can ƙauyen ƙarshe. Mako na biyu ya auna. Abin da ya rage a kwalba, doka ta ce a zubar bayan wata shida.

A bango, daidai saman na'urar, akwai wata takarda lulluɓe da leda mai sa hannun Farfesa. Ta ce a saita na'ura sau ɗaya da safe, sannan a auna kwalabe arba'in a jere daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, kada a sake taɓa saitin. Ba maganar shaida a tsakiya. Shekara tara ke nan da rubuta ta, tun na'urar tana sabuwa.

A watan farko hannunsa ne ya yi aikin bai ko yi shawara da shi ba. Ya haɗa kwalbar shaida mai awo goma. Da safe na'ura ta ce goma. Bayan kwalba goma ta ce goma. Bayan ashirin ta ce sha ɗaya, bayan talatin sha uku. Da ya gama ta arba'in wajen la'asar, ta ce sha biyar. Washegari ya sake haɗa wani ruwan, ko shi ne ya yi kuskure. Amsa ɗaya ya samu. Na'urar in ta ɗauki zafi ƙari take yi, kuma rijiyoyin ƙauyen ƙarshe su ne kullum ke zo mata da yamma.

Ya yi kwanaki yana juya yadda zai faɗa. Inda ya tashi ba a ce wa babba ya yi kuskure. Labari ake kawo masa, a bar masa hanya ya gyara da kansa kamar shi ya gano. Haka yake yi da mahaifinsa, haka ya yi da Baba Mai Awo, kuma bai taɓa ganin dabarar ta ƙi ci ba. Ya jira ranar da ɗalibai suka watse, ya sami Farfesa shi kaɗai yana wanke kofin shayinsa.

"Farfesa, a wurin aikina na da akwai wani tsoho da yake ganin na'ura ma kamar mutum ce. Da yamma takan gaji, ta fara faɗin abin da ba ta gani ba."

Farfesa ya yi dariya har da dafa kafaɗarsa. Ya ce tsohon nan ya burge shi, shi ma da yamma haka yake. Ya kife kofin ya fita.

A wata na uku ya sake gwadawa. Ya rubuta lambobin shaidar a 'yar takarda, ba suna ba bayani, ya sa ta ƙarƙashin rahotonsa a teburin Farfesa. Bayan kwana biyu rahoton ya dawo da gyare-gyare, Farfesa ya miƙo masa 'yar takardar daban ya ce ga abinsa ya manta a ciki. Dakta ya karɓa da hannu biyu. A wurinsa magana ta ƙare ke nan. Babba ya ji, ya gani, ya mayar maka da abinka. Ba ya so a sake tayar da ita.

Lauya ne kaɗai ya sani. Yana soya ƙwai lokacin da Dakta ya ba shi labarin, ya juyo da cokali a hannu ya tambaye shi ko ya gaya wa mutumin. Dakta ya ce ya gaya masa har sau biyu. Da Lauya ya ji yadda aka yi gayawar sai ya ajiye cokalin.

"Yallaɓai, ai tatsuniya ka yi masa. Mutanen nan in ba ka ce musu gidanka na cin wuta ba, sai su ɗauka hirar hayaƙi ka zo yi."

Dakta ya ce mutumin da ya tufatar da shi ba zai kwance masa zani a kasuwa ba. Lauya ya ce ba kasuwa ba ce, ofis ne mai ƙofa da ake rufewa. Dakta ya ce masa shi yaro ne, ba zai gane ba. Lauya ya ce to Allah ya ba dattawa sa'a, ya koma kan ƙwansa da ya riga ya ƙone.

Daga nan Dakta ya sayi littafi mai shuɗin bango. Bai taɓa canza lamba ko ɗaya a rahotonsa ba, abin da na'ura ta faɗa shi yake rubutawa. Bai taɓa saitin ba, don kwamfuta za ta nuna, kuma hakan daidai yake da ya ce wa Farfesa takardarsa ta bango ƙarya ce. Amma kowane wata yana sa shaidarsa bayan kowace goma, ya rubuta a littafin da kwanan wata da lokaci. A ransa yana ganin wata rana Farfesa zai gano da kansa, ya kira shi, shi kuma ya miƙa littafin ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Abin da Farfesa ya gano daban ne. A shekara ta biyu ya shigo ɗakin gwaji fuskarsa kamar ta yaro, ya ce abin mamaki ne, ƙauyen da ya fi nisa da ramin shi ne ruwansa ya fi dalma, ke nan gubar tana bin wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa da ba wanda ya sani. Ya rubuta maƙala aka buga, sunan Dakta na bin nasa. Yaya ya sa aka buga masa shafin farko, ya yi ta yawo da shi gida gida. Hukuma ta liƙa sanarwa a rijiyoyi goma na ƙauyen ƙarshe cewa kada a sha, aka fara kai musu ruwa da tanka sau biyu a mako. Dakta ya ci gaba da zuwa ɗiban samfurinsa. Wata tsohuwa mai rijiya ta talatin da shida, wadda a da take fito masa da shayi, yanzu da jarka yake samunta a hanya, tana tafiya tana hutawa. Yakan karɓi jarkar ya kai mata har ƙofa. Iyakar abin da ya yi ke nan.

A wannan shekarar mahaifiyarsa ta rasu. Yana durƙushe a bakin rijiya ta goma sha bakwai, ana yayyafi, Yaya ya kira. Ya zauna a cikin mota kamar rabin awa. Ko ya tashi a lokacin ba zai sami jana'iza ba, kuma in watan ya wuce ba a ɗebi ruwa ba, jerin ya tsinke. Ya fito ya tafi rijiya ta goma sha takwas.

Ran Lahadi da rana yake kiran gida. Da farko Tsuntsuwa takan fizge wayar ta yi ta zuba, ba ya gane rabin abin da take cewa. Daga baya ta fara kiransa Baban waya, don ta bambanta shi da Yaya da take ce wa Baba. Can gaba sai an yi ta kiranta kafin ta zo, ta gaishe shi kamar baƙo ta gudu. Malama ba ta cika ƙorafi ba. Sai bayan abu ya wuce yake jin labarinsa, cewa rufin ɗaki ya yi yoyo ta sa an gyara, ko yarinyar ta kwana uku a asibiti da zazzaɓi amma ta warware. A ƙarshen kowace hira takan gaya masa layin da ya rage a bayan ƙofa.

Saura layi shida ya gama rubutu. Aka sa ranar da zai zauna gaban kwamitin mutum uku kafin babbar jarrabawa. Ya goge rigarsa, ya sa littafin shuɗi a jaka kamar yadda ya saba. Cikin ukun akwai wata malama da ɗalibai ke ce wa Mai Jan Biro, ba ta ɗaga murya, amma ba wanda ke son tambayarta. Ta bari sauran suka gama, sannan ta tambaye shi ko kullum a jere ɗaya yake auna kwalaben. Ya ce e. Ta tambaya ko yana duba na'urar a tsakiyar aiki. Ya dubi Farfesa. Farfesa ya fara bayanin tsarin da ke bango, ta ce masa ɗalibin ta tambaya.

"Na bi abin da ke rubuce," in ji Dakta.

Ta zaro takarda daga fayil ta ajiye a tsakiyar tebur. Ta ce abin ya tsaya mata a rai ne ganin lambobin suna hawa tiryan-tiryan daga rijiya ta ɗaya zuwa ta arba'in, ruwa ba ya wannan biyayyar. Don haka a makon da ya wuce ta ari na'urar yini guda, ta ba ta ruwa ɗaya sau arba'in. Da safe goma, da yamma sha biyar.

Farfesa ya jawo takardar ya daɗe yana dubawa. Wuyansa ya yi ja har zuwa kunne. Jakar Dakta tana jingine da ƙafarsa, yana jin tudun littafin a ƙaurinsa. In ya fito da shi yanzu, ya nuna wa abokan aikin mutumin cewa ɗalibinsa ya san abin da shi bai sani ba tun shekara uku. Ya bar hannuwansa a kan gwiwa. Kwamiti ya ce ba za a dogara da awon ba. Suka ba shi mako biyu ya kawo hujjar da za a gyara lambobin da ita, in babu, a sake aikin daga farko. Ruwan kuwa an daɗe da zubar da shi.

Lauya ya kusa jifansa da tukunya. Ya ce a duk karatun shari'ar da ya yi bai taɓa jin wanda ya shiga kotu da shaidarsa a jaka ya fito da ita a jaka ba. Dakta ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ran Lahadi ya gaya wa Malama komai, tun daga kofin shayi har zuwa takardar Mai Jan Biro. Da ya gama sai ta ce:

"Baban Tsuntsuwa, ni na goya yarinyar nan zuwa asibiti ni kaɗai. Ni na zauna karɓar gaisuwar Inna a madadinka. Ashe kai kana can kana rufa wa wani asiri. Gobe ka kai masa littafin."

Da safe ya ƙwanƙwasa ofishin Farfesa, ya ajiye littafin a tebur, ya koma ya tsaya. Farfesa ya buɗe shafin farko, ya ga kwanan watan, ya buɗe na tsakiya, ya buɗe na ƙarshe. Wata talatin da shida, ba wanda aka tsallake. Ya cire gilashinsa.

"Tun watan farko ka sani?"

"Tun watan farko."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na gaya maka, Farfesa. Sau biyu."

Ya tuna masa da labarin tsoho da na'ura mai gajiya. Farfesa ya yi ta lalube a ransa kafin ya tuna, ya ce shi wasa ya ɗauka. Ya tuna masa da 'yar takardar. Farfesa ya ce shi ba ya karanta takardar da ba a ce masa tasa ba ce, ya ga lambobi ba suna, ya ɗauka ta lissafin ɗalibi ce ta maƙale. A waje wani yana tura keken kwalabe, suna ƙara a kan tayal.

"Mutanen ƙauyen nan shekara biyu suna jiran tanka saboda abin da na rubuta," in ji Farfesa. "Kana zuwa kana ganinsu kowane wata. Da ka zage ni a gaban ɗalibai, da ya fi mini wannan ladabin naka."

Haƙurin da Dakta ya zo da shi a baki ya ga ba shi da wurin zama.

Farfesa da kansa ya ɗauki littafin ya kai wa kwamiti, ya gaya musu tsarin nasa ne, kuskuren nasa ne. Mai Jan Biro ta tsaya wa Dakta, ta ce lambobinsa sun yi daidai da nata, kuma ba ta taɓa ganin rubutun aiki mai tsafta irin wannan ba. Sauran suka ce tsafta daban, doka daban. Littafin ba na sashe ba ne, ba wanda ya sa hannu a kansa, ba inda aka rubuta yadda aka haɗa ruwan shaidar. Ba za a gina digiri a kan littafin aljihu ba. Ga kuma maganar cewa ya sani ya bar sunansa ya hau maƙala. Ba su kore shi ba. Suka ce ya zaɓa, ko ya sake shekara uku, ko ya karɓi takardar digiri na biyu a kan abin da ya rage na aikin. Irin takardar da yake da ita tun kafin ya baro gida.

Ya rubuta wa gidan ruwa yana roƙon ƙarin hutu. Amsar layi biyu ce, ba ƙari. Ya karɓi takardar digiri na biyun.

Kafin ya tafi an janye maƙalar, an cire sanarwar da ke rijiya bakwai cikin goman nan. An sauke takardar bango an liƙa sabuwa, da sa hannun Farfesa, wadda ta ce a sa ruwan shaida bayan kowace kwalba goma. Farfesa yana gaishe shi in sun haɗu a matakala, gaisuwa ɗaya ya wuce. Ranar da zai tashi, Dakta ya kai rigar sanyin aka wanke, ya rataye ta a ƙofar ofishin tun kafin mutumin ya iso. Lauya ya raka shi tasha, ya ɗaukar masa jaka, kuma karo na farko tun da suka haɗu ya yi tafiyar minti ashirin bai ce komai ba.

A filin jirgi Yaya ya taho hannu buɗe yana kiran Dakta da ƙarfi. Ya bari ya rungume shi, sannan ya ce masa, "Yaya, ban samo ba." Yaya ya yi dariya, ya dubi fuskarsa, dariyar ta tsaya. A mota ya ce kada a gaya wa kowa tukuna. Dakta ya ce duk wanda ya tambaya zai gaya masa. Ya kuwa gaya wa duk wanda ya tambaya, amma sunan bai sake shi ba. Wasu da shi suka saba, wasu kuma daɗin faɗa suke ji. Tsuntsuwa, 'yar shekara shida da rabi, ta ɓuya a bayan uwarta, ta leƙo ta gaishe shi. Bayan ƙofar ɗaki babu sauran layi, sai farin tabon alli.

Ya koma tsohon teburinsa. Baba Mai Awo ya daɗe da ritaya, shugaban ɗakin gwaji yanzu wani ne da ya zo aiki bayansa da shekara biyar. A wata na biyu shugaban ya tara su ya ce sinadarin haɗa ruwan shaida ya yi ƙaranci, daga yau sau ɗaya za a riƙa sawa, da safe. Kowa ya ce to. Dakta ya ji labarin tsohon nan da na'ura mai gajiya ya taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye shi.

"Ranka ya daɗe, wannan kuskure ne. Na'urar nan ta fi shekara goma sha biyar, da yamma ƙarya take yi. Ruwan da mutane za su sha ne. Ni ba zan auna haka ba."

Shugaban ya yi murmushi ya ce lallai Dakta ya dawo da ilimi. Bayan mako guda takarda ta fito, an mayar da shi sito.

A can yake har yanzu. Yana karɓar bututu da kawunan famfo da mitoci, ya jera, ya ba masu gyara abin da aka rubuto musu. Siton ba taga, sai ƙwan lantarki ɗaya, kuma ba a taɓa neman abu a rasa ba tun da ya karɓi makullin. Da safe yakan wuce ta ƙofar ɗakin gwaji ya ji ƙarar na'urar tana ɗumama. Bai san ko suna sa shaidar ba, ba ya shiga. A gida Malama tana tafasa ruwan sha ta tace, shi ya ce a riƙa yi. Littafin shuɗi yana can wurin kwamiti, ba su dawo masa da shi ba.

Kwanakin baya aka ba su Tsuntsuwa aikin gida, kowa ya rubuta sana'ar mahaifinsa. Ta zo da littafinta ta tsaya nesa kaɗan, ta tambaye shi ko likita za ta rubuta, tunda kowa Dakta yake ce masa. Ya ce a'a, ta rubuta mai tsaron sito. Ta tambaya yaya ake rubuta sito. Ya jawo kujera kusa da tasa, ta zauna, ya faɗa mata harafi ɗaya bayan ɗaya.